DARASI: Bayani a kan riƙe lambar waya ɗaya a wayoyi da dama

 

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwar hatsi na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, da duk wanda takardar ga ta isa hannunsa, darasinmu na wannan fitowa amsar wata tambaya ce da anka sha yi mana a rumfa, wani lokaci ma muna tsakiyar awo. Ga yadda take. Mutum yana da lamba ɗaya wadda anka san shi da ita tun daga Dawanau har Illela, ita ce a bakin direbobi da dillalai, ita ce a rubuce jikin ƙofar sito. To kasuwa ta buɗa, yana da ƙane a Bakura yana saye masa shanshera, yana da yaro a Maradun, shi kuma yana zaune Mafara. Shin yana yiwuwa a sanya lambar nan ɗaya cikin waya biyu ko uku, kowa ya riƙa amsawa da sunan gida?

Amsar tana da rassa, domin abu uku ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya su kira shi lamba: akwai kira, akwai saƙon tes, akwai WhatsApp. Kowane da nasa hukunci. Wanda bai rarrabe su ba shi ne ake ci wa kuɗi.

Fasali na farko: bambancin lamba da sim da waya

Mu da munka haura hamsin mun ga zamanin da babu ko ɗaya cikin ukun. Labarin farashi a takardar ajami yake zuwa, a ba direba ya kai, amsa ta dawo wata Talata. A watan Agusta na 2001 anka fara wayar salula a Nijeriya, Econet da MTN sunka fara, layi ɗaya sai mai hali, naira dubu ashirin ko fiye, kira kuwa naira hamsin minti ɗaya. Sai 2003 da Glo ta shigo da lissafin daƙiƙa abin ya fara sauka. Tun lokacin nan har yau ginin abin bai sake ba.

Waya ita ce ƙarfen da ke hannunka. Tana da tata lambar shaida mai alƙaluma 15, wadda ake gani idan an danna *#06#, kuma yana da kyau a rubuta ta a littafi saboda ranar sata. Sim shi ne ɗan katin da ake sakawa ciki. Lamba kuwa, wadda mutane ke kira, ba cikin waya take ba, tana can rubuce a littafin kamfani, an ɗaura ta a kan sim ɗaya tak. Misalinsu kamar sito da makulli da riga: lamba ita ce sito, sim shi ne makulli, waya kuwa rigar da ka sa makullin a aljihunta. Ka sake riga sau goma a yini, makullin dai ɗaya ne.

A cikin sim akwai wata doguwar lamba tasa ta kansa, daban da wadda ake kiranka da ita, kuma akwai wani sirri da anka dasa ciki wanda ba ya fitowa waje. Duk lokacin da ka kunna waya, kamfani yakan aiko wa sim wani lissafi ta hanyar eriya, sim ya warware shi da sirrin nan, idan amsa ta dace da wadda ke wurin kamfani sai a buɗe maka sabis, a rubuta cewa layin wane yana yankin eriya kaza. Idan anka kira ka, can za a kai kiran. Wannan shi ya sa kira ba ya rabuwa biyu da kansa.

Daga nan muke gane kuskure biyu. Na farko, wasu suna zaton idan sunka je ofishin kamfani sunka ce sim ya ɓace, anka yi masu walkam-bak, to sun samu sim biyu masu lamba ɗaya, sai su ba yaro tsohon. Ba haka ba ne. Sa'ar da sabon ya tashi, tsohon ya mutu, ba ya kira ba ya amsawa. Na biyu, akwai masu gyaran waya da 'yan yawo da ke cewa za su kwafe maka sim ya zama biyu. Gaskiya ne a 1998 wasu masu bincike a Amurka sun nuna ana iya kwafe sim na wancan zamani, amma kamfanoni sun sauya lissafin tun da daɗewa. Wanda ya ce maka yau zai kwafe, abin da yake so shi ne sim ɗinka ya zauna hannunsa minti biyar, kuma za mu faɗi a gaba abin da minti biyar ke iya yi wa asusun mutum.

A wasu ƙasashe kamar Jamus, kamfani da kansa yana sayar da sim biyu ko uku a kan lamba ɗaya, ana biyan kuɗin wata. Layin da mu muke saye muna sa masa kati ba irinsa ba ne, lamba ɗaya sim ɗaya. Haka nan eSIM, watau sim da ba a gani, wanda ake zubawa cikin wasu manyan wayoyi, MTN ta fara shi a 2020. Shi ma waya ɗaya yake zama. Fa'idarsa dai ɓarawo ba ya iya zare shi.

Fasali na biyu: ɗauke sim daga waya zuwa waya

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kowa ya san ta. Da yawa cikinmu suna da babbar waya mai shafawa da ƙarama mai madannai. Ranar tafiya daji ko hanyar da ba a amince da ita ba, sai a zare sim a sa a ƙarama, don cajinta na daɗewa kuma ko an ƙwace ta asarar da sauƙi. Babu laifi cikin haka. Abin lura kawai, sunayen mutane wasu a sim suke wasu a waya, kuma sim ba ya ɗaukar sunaye masu yawa. Kada littafi ya rabu da ɗan kasuwa. Lambobin manyan abokan cinikinka talatin ko arba'in, rubuta su da tawada.

Mun koyi wannan a 2021. A ƙarshen Agusta gwamnatin jiha, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga, ranar 3 ga Satumba kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe sabis a Zamfara duka. Mako biyu anka ce da farko, abin ya zarce. Gusau ta fara samu a Oktoba, mu na sauran ƙananan hukumomi sai daga baya. A kwanakin nan waya ta zama tocila. Amma layi bai mutu ba, eriyoyin yankinmu ne anka kashe. Wanda ya ɗauki sim ɗinsa ya shiga Sakkwato, yana kunnawa saƙonni suna shigowa. Mu ma mun taɓa naɗe sim cikin takarda mun ba ɗanmu ya tafi da shi don ya amsa wa mutanen Kano. Da wani ne ba ɗanmu ba, da yanzu ba mu san labarin da muke bayarwa ba, domin lokacin ba mu sa wa sim ɗin makulli ba.

Tanbihi. Makullin fuskar waya daban, makullin sim daban. Na fuska yana tsare wayar kaɗai. Ɓarawo ya zare sim ya sa a wata, shi ke nan ya wuce shi. Makullin sim, wanda ake kira PIN, yana bin sim duk wayar da ya shiga, ba ya tashi sai an danna shi. Ana kunna shi a wurin saitin tsaro na waya. Amma a yi hattara: an yi kuskure sau uku sim zai kulle, sai an kawo wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK, tana jikin babban katin da anka ɓallo sim daga gare shi. Ita kuma an yi kuskurenta sau goma sim ya lalace har abada. Saboda haka kada a yi canke. Wanda bai san PIN na asali ba ya kira 300, ita ce lambar neman taimako a kowane kamfani yanzu. Kuma babban katin nan kada a yar, a ajiye shi tare da takardun gona.

Fasali na uku: karkatar da kira

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da abin da masu tambaya ke nema, kuma ko ƙaramar waya tana yinta. Ma'anarta ka gaya wa kamfani cewa idan anka kira ni, a kai kiran ga lamba kaza. Mai kira lambarka ya buga, wayar ƙanenka ta yi ƙara.

Lambobin da za mu kawo a karanta su daga hagu zuwa dama, saɓanin yadda muke karatun ajami, a danna su yadda suke, sa'an nan a danna wurin kira.

Idan ana so duk kira ya tafi can, ko wayarka tana kunne: **21* sai lambar wanda za a kai wa, sai #.

Idan ana so ya tafi sai lokacin da wayarka take kashe ko babu sabis: **62* sai lambar, sai #.

Idan sai ta yi ƙara ba ka ɗauka ba: **61* sai lambar, sai #. Idan kuwa kana kan wani kiran: **67* sai lambar, sai #.

Idan ana so a warware duka baki ɗaya: ##002#.

A ganinmu ta biyu ita ce ta ɗan kasuwar hatsi. Mu da muke shiga ƙauyukan da ke kewayen dam na Bakolori lokacin girbin shinkafa, mun san akwai fadamun da sabis ba ya kai wa. Mai saye daga Kano ya kira sau biyu ya ji a kashe, na uku wani zai kira. Idan ka sa ta biyu, kai ne ke amsawa muddin kana da sabis, da ya yanke sai ta koma wurin wanda ke zaune a rumfa. Ta farko kuwa ba mu son ta sai ga mai tafiya Hajji ko mai jinya, domin mutum yakan manta ya sa ta, ya kwana uku yana cewa kasuwa ta mutu alhali wayar yaronsa ke ta ƙara. Kuma a sani umarnin a littafin kamfani yake zama, shi ya sa yake aiki ko wayarka na kashe; amma sanya shi sai da sabis, don haka a sa tun kafin a bar gari.

Abubuwa uku ne wannan hanya ba ta yi. Ba ta ɗaukar saƙon tes, alat na banki da lambar tabbatarwa duk suna zuwa wurin sim ne kaɗai. Kuma idan wanda anka kai wa kiran ya tashi bugawa, tasa lambar ce ke fita, ba taka ba. Kuma ba kyauta ba ce: mai kira yana biyan nasa har zuwa lambarka, daga lambarka zuwa ta yaro kai ke biya daga katinka. Tun da anka ƙara kuɗin kira da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, wanda yaronsa mai dogon gaisuwa ne zai ji a jikinsa.

Akwai kuma ɓarna a cikinta. Mutum ya ce ara mani waya in yi fulashin, cikin ƙiftawar ido ya karkatar da kiranka zuwa tasa. Daga nan shi ke amsa masu binka da waɗanda kake bi, yana iya cewa ni yaron Alhaji ne, a tura kuɗin ga asusu kaza. Da irin wannan ma ake sace WhatsApp, domin lambar tabbatarwarsa ana iya karɓarta ta kira. Mai son ya duba ya danna *#21# da *#62#, waya za ta nuna masa ko akwai inda ake kai kiransa. Wani lokaci lambar da ke fitowa ta ajiyar saƙon murya ce ta kamfani, wannan ba komai. Idan lambar wani mutum ce da ba kai ka sa ba, a warware nan take.

Fasali na huɗu: WhatsApp, da abin da ya same mu

Nan ne kaɗai lamba ɗaya take zama a waya da yawa da gaske. Tun watan Afrilu na 2023 masu WhatsApp sunka buɗe hanya mutum ya haɗa wasu wayoyi da tasa, har huɗu bayan ta asali. Wayar da za a haɗa ba ta bukatar sim ɗinka, data kawai take so. Yadda ake yi: a sabuwar waya a buɗe WhatsApp, idan ta nemi lamba kada a sa, a taɓa ɗigo uku na sama a zaɓi haɗawa da asusun da ke akwai, sai wani zane mai murabba'i ya fito. A wayar asali kuma a taɓa ɗigo uku, a shiga inda anka rubuta Linked devices da Turanci, a haska zanen nan da kyamara. Shi ke nan. Saƙo ya shigo, duka wayoyin su gani. Kowa ya amsa, da sunanka da hotonka zai fita. Ko wayar asali tana kashe sauran suna aiki, sai fa idan ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba, to sai a sallame su duka.

Da munka ji wannan mun yi murna, munka haɗa wayar wani yaro da ke tsare mana kaya a Bakura. Wata kaka muna da buhu arba'in na gero a can. Ranar wata Talata bayan Azahar wani abokin ciniki ya kira mu ta layi, ya taya, munka ce albarka, ya ƙara, munka sallama. Munka ce za mu gaya wa yaro da yamma, kasuwa ta ɗauke mana hankali. Ashe bayan La'asar wani daban ya aiko saƙo ta WhatsApp yana neman gero, yaro ya gani a wayarsa, ya faɗi farashin da munka bar masa, mutumin ya amsa, ya turo kuɗi, motarsa tana kusa, kafin Magariba an yi lodi. Saƙon yana cikin wayarmu mu ma, amma wa ke duba waya ranar Talata a Mafara? Da safe na farko ya aiko mota ya tarar da sito a share.

Yaron bai yi ha'inci ba, kuma kuɗi sun shigo cif. Laifin namu ne, mun yi baki biyu ga kaya ɗaya. Munka kai maganar gaban wani malaminmu, ya ce ai wannan tsohuwar mas'ala ce, tana cikin babin wakilci a Muhtasar na Shehu Halilu. Hukuncin Malikiyya shi ne idan mai kaya ya sayar, wakilinsa kuma ya sayar da kayan nan dai, cinikin da ya riga shi ne tabbatacce, sai fa idan na biyu ya riga ya karɓi kayan ba tare da sanin na farko ba, to ya zama nasa. Munka duba wayoyi, lokacin kira da lokacin saƙo duk a rubuce, namu ya riga da kusan awa biyu, amma na biyu ya yi lodi bai san komai ba. Gero ya tafi. Na farko kuma yana da gaskiyarsa, domin a mazhabarmu da an yi tayi an sallama ciniki ya ƙullu, babu zancen ai ba a rabu ba tukuna. Dattawan kasuwa sunka shiga tsakani, munka sayo masa wasu arba'in a kasuwa bisa farashin da munka sallama masa, alhali gero ya ɗaga a kwana biyun nan. Cikon daga aljihunmu ya fito, ribar tafiyar duka ta tafi, kuma sai da anka yi wata biyu kafin ya sake kiranmu.

A nan ma malamin ya ja kunnen shi mai sayen, domin ya ce ya riga ya sayar wa wani a Kano, alhali bai karɓa ba. A Risala an hana wanda ya sayi abinci da awo ko ma'auni ko ƙidaya ya sayar da shi kafin ya karɓe shi. Waya ta sa wannan ya yi yawa a cikinmu, buhu ɗaya yana kwance a sito ya bi hannu uku kafin rana ta faɗi. Wannan darasi ne na daban, in Allah ya so.

Ga abin da munka tsayar tun daga ranar. Yaro yana iya amsa gaisuwa, ya faɗi abin da ke akwai, ya aika hoton hatsi. Sallamawa kuwa baki ɗaya ne, kuma da saƙon murya, don mai saye ya ji muryar wanda ya sani. Rubutu ba ya nuna wa mai karɓa daga wace waya ya fito, murya kuwa tana nunawa. Kuma duk cinikin da anka ƙulla ta kira, kafin a ajiye waya a aika wa mai tsaron kaya cewa buhu kaza sun fita. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma duk mun hardace ta a allo muna yara.

Sai kuma maganar sirri. Wanda ka haɗa wayarsa yana ganin kome, har saƙon iyali, har maganar wanda kake bi bashi, har labarin ranar da za ka taso da kuɗi da hanyar da za ka biyo. A ƙasarmu yanzu wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, mun san yadda labari ke kai wa daji. Wanda zai haɗa wayoyi lalle ya ware layin kasuwa daban da na gida. Kuma ranar da kunka rabu da yaro, ko da lafiya kunka rabu, kafin ya fita ƙofa a shiga wurin nan na wayoyin da anka haɗa a fitar da tasa. Malamai sun yi saɓani a kan cinikin wakilin da anka tsige bai sani ba, don haka a gaya masa a gaban shaidu, a gaya wa abokan ciniki. A sa kuma lambar sirri mai alƙaluma 6 ta tabbatarwa mataki biyu, wadda WhatsApp ke da ita. Duk wanda ya kira ya ce an sa ka cikin taron ƙungiya ko rabon taki, karanto mani lambar da ta shigo wayarka yanzu, a kashe waya. Kuma mu mun mayar da shi al'ada, kowace Talata da dare mu duba jerin wayoyin da ke haɗe, mu ga ko akwai baƙuwa.

Fasali na biyar: layin da ke riƙe da kuɗi

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da Babban Banki ya sauya fasalin kuɗi, har mai tiya biyu ya koyi taransifa. Wannan ya sa layi ya zama lalita. Lambar BVN, wadda anka fara a 2014, tana ɗaure da layi. Tura kuɗi ta danna tauraro da lambobin banki daga sim yake tashi, ko a wace waya yake. Lambar tabbatarwa sim take zuwa. A OPay da PalmPay ma lambar asusun ita ce lambar wayar mutum idan an cire sifirin farko. Wanda ya riƙe sim ɗinka minti biyar yana iya ganin saƙonnin banki, ya nemo BVN, ya fara gwada sauran. Don haka ra'ayinmu, layin banki kada ya zama shi ne layin da ke yawo tsakanin wayoyi. A sa masa PIN, ya zauna a ƙaramar waya wadda ba a ara wa kowa. Yaron da ke karɓar kuɗi a Maradun ba ya bukatar sim ɗinka don ya tabbatar da alat. Ya kira ka, ka duba asusu da kanka, kada a yi lodi bisa hoton rasit da mai saye ya nuna, domin ana ƙirƙirarsa. Idan sim ya ɓace, banki ake fara sanarwa a rufe asusu, sa'an nan kamfani a rufe layi, kuma a yi haka a ranar, kada a ce sai an dawo daga kasuwa.

Mas'ala: layin wane ne a hukumance? Na wanda anka yi rajista da sunansa. An fara rajistar layi a 2011, a Disamba 2020 gwamnatin tarayya ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a Afrilu 2022 anka hana waɗanda ba su haɗa ba buga kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika a Satumba 2024. A cikin wannan gaggawa da yawa daga cikinmu sun ce wa yaro je ka haɗa da taka, don gudun layi a ofis. To a sani, a littafin kamfani layin nan na yaron ne. Shi ke iya zuwa a yi masa walkam-bak da fuskarsa da yatsansa, sa'ar da nasa ya tashi naka ya mutu a aljihu, da abokan cinikinka na shekara ashirin da saƙonnin bankinka duk su koma wurinsa. Wanda yake cikin wannan hali ya ɗauki yaron tun ana shiri, su je ofishin kamfani a mayar da layin sunansa. Hukuma ta yarda mutum ɗaya ya riƙe har layi huɗu a kowane kamfani, babu dalilin aron suna. Idan an samu matsala da kamfani ba a warware ba, lambar kai ƙara ga Hukumar Sadarwa ita ce 622, kyauta ce.

Haka nan idan maigida ya rasu. Sau da yawa 'ya'ya sukan ci gaba da amsa layinsa, ko su kulle wayar a akwati don tausayi. Kullewar tana da haɗari, domin layin da ya yi wata shida ba kira ba kati ba data kamfani yana iya dakatar da shi, idan ya ƙara wasu wata shida a haka a iya sayar wa wani da lambar. Sai ka ji baƙo a wata jiha yana samun kiran masu biyan bashin marigayi, wataƙila har da saƙon asusunsa, alhali dukiyar marayu ce ba a raba ba. Magada su zaɓi mutum ɗaya amintacce ya riƙe sim ɗin, ya riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne yana buga kira, ya rubuta duk wanda ya kira da maganar bashi, na karɓa da na biya, har a gama rabon gado. Bayan nan a je banki a cire lambar daga asusun marigayi, a je kamfani da takardun rasuwa a nemi mayar da layin ga wanda zai ci gaba da rumfar.